Ƙarafa masu guba a ruwan sha da tsatsar ƙwayoyin jiki: bitamin da zogale sun isa kariya?

Duba-gari ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni ga likitoci, masu ɗakin gwaji da injiniyoyin ruwa. A yankunan da ake haƙar zinariya da unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antu, maganar gurɓatar ruwan sha da dalma, zaiba, asenik da ire-irensu ta yi yawa. Kusan duk rahoton da aka kawo sai ya ce ɓarnar waɗannan ƙarafa ta hanyar "oksidetif sitires" take biyowa. Daga nan masu sayar da magani suka samu ƙofa: bitamin C, garin zogale, da ƙwayoyin "wankin jini", wai suna karya gubar.

Ina son a fayyace mana yadda ƙarfen da ido ba ya gani a ruwa yake yin wannan ɓarna a jiki. Sannan shin akwai gwajin jinin da ke nuna ta kai tsaye? Bitamin da zogalen nan suna da amfani ko asarar kuɗi ce? Kuma me za a gaya wa magidancin da rijiyarsa ake zargi: ya tafasa ruwan, ya sa alam, ko ya sayi matata?

Malamin Kimiyyar Jiki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Duba-gari. Zan ɗauki tambayar farko, sauran in bar wa masu su.

Duk ƙwayar jikin da ke numfashi tana fitar da shara mai ƙuna. A cikin mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da oksijin don samar da ƙarfi, wasu ilektaron kan kuɓuce su faɗa kan oksijin tun lokaci bai yi ba, sai a samu abin da ake kira sufa'oksayid. Jiki ya san da zaman wannan, ya kuma tanadi masu gadi. Masu gadin inzayim ne, wato furotin masu gudanar da aikin sinadarai a jiki. Inzayim ɗin SOD, wanda ke aiki da jan ƙarfe da zinki (wani nau'insa da manganis), shi ke mayar da sufa'oksayid ya zama haidurojin feroksayid, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi. Katalas, mai ɗauke da ƙarfe (ayon, irin wanda ke cikin jini), da gulutatayon feroksidas, mai ɗauke da seleniyam, su kuma su mayar da wannan ya zama ruwa. Ranar da sharar ta fi ƙarfin masu gadi, to abin da rahotannin ke nufi ke nan. Kamar tsatsa ce a kwanon rufi, oksijin ne ke cin abin a hankali, don haka tsatsar ƙwayoyin jiki zan riƙa kiran ta.

Ƙarafan gida biyu ne. Na farko su ne masu ba da ilektaron su kuma karɓa: ƙarfe, jan ƙarfe da kuromiyam. Idan ƙarfen da ba a ɗaure yake ba ya haɗu da haidurojin feroksayid, sai ya fasa shi ya fitar da haidiroksil, wani radikal, wato ɓallin sinadari mai fizgar ilektaron daga duk abin da ya taɓa. Wannan haɗuwa da sunan Fenton aka san ta, masanin kimiyyar sinadarai na Ingila da ya bayyana ta a 1894. Haidiroksil shi ne mafi muni a cikinsu duka. Babu inzayim ɗin da ke kama shi, domin abin da ya fara tarar da shi nan take yake ƙonawa, kitse ne, furotin ne ko DNA.

Gida na biyu su ne dalma, kadmiyam, zaiba da asenik. Waɗannan yawancin aikinsu kan masu gadin suke yi. Dukansu suna da kwaɗayin farar wuta, kuma gulutatayon, babban makamin kariyar ƙwayar jiki, da hannun farar wuta yake aiki. Haka inzayim da yawa. Ƙarfen na kama wannan hannu, aiki ya tsaya, shara ta taru.

Amma kowanne da irin tasa hanyar. Dalma tana ture zinki daga inzayim ɗin ALAD, wanda ke cikin jerin masu ƙera jan sinadarin jini. ALAD na tsayawa sai sinadarin ALA ya yi ta taruwa, shi kuma da kansa yake haɗuwa da oksijin ya fitar da sufa'oksayid da feroksayid. Ga ƙarancin jini, ga ƙarin shara, ga kuma katalas da ke buƙatar wannan jan sinadari ya raunana. Kadmiyam yana korar ƙarfe da jan ƙarfe daga furotin ɗin da suke ɗaure, su fito su shiga aikin Fenton. Hanta takan naɗe shi cikin furotin ɗin metalotayonin, amma ƙunshin ƙoda yake tafiya ya zauna, kuma rabin abin da ya shiga yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin ya fita. Abin da ya faru a Toyama ta ƙasar Japan ke nan, inda ma'adinan Kamioka suka gurɓata kogin Jinzu, aka shayar da shinkafa da ruwan, ƙodar mutane ta lalace ƙasusuwa suka yi laushi. Gwamnatin Japan ta amince kadmiyam ne sanadin cutar a 1968. Zaiba seleniyam take kamawa, ta durƙusar da gulutatayon feroksidas da tayoredoksin ridaktas. Asenik mai caji uku yana riƙe inzayim ɗin da ke shirya abin da aka samu daga sukari don ƙonawa a cikin mitokondiriya, mai caji biyar kuma yana kwaikwayon fosfet ya ɓata ƙera ATP, sinadarin da ƙwayar jiki ke ajiye ƙarfi a cikinsa.

Ɓarnar a wurare uku ake ganin ta. Kitsen bangon ƙwayar jiki yana lalacewa a jere, ɗaya ya kunna ɗaya, har bangon ya fara yoyo. Jajayen ƙwayoyin jini sun fi saurin kamuwa, suna yin gautsi su fashe. Furotin yana lanƙwashewa ya daina aiki. DNA kuma yana samun tabo, wanda yana daga cikin dalilan da asenik, kadmiyam da kuromiyam mai caji shida suke jerin masu jawo ciwon daji. Akwai ta huɗu da ake mantawa: sufa'oksayid yana cinye naitirik oksayid, sinadarin da ke sassauta jijiyoyin jini, kuma ta nan dalma ke taimakawa wurin hawan jini.

Abu ɗaya nake so a riƙe. Tsatsar nan ɓangare ne na cutarwar, ba ita kaɗai ba ce. Dalma tana shiga ƙwaƙwalwar yaro ne a rigar kalsiyam, ta dagula saƙon da jijiyoyi ke aika wa juna, ta toshe makarɓan NMDA da koyo ya dogara da su. Ko da an kashe duk radikal ɗin da ke jiki, wannan ɓarnar tana nan.

Mai Ɗakin Gwaji ya rubuta:

Malam ya gama da ɓangarensa. Game da gwajin tsatsar, akwai shi: ana auna MDA da F2-aisofurostan don lalacewar kitse, 8-OHdG a fitsari don tabon DNA, da kuma yawan gulutatayon mai rai a kan wanda ya ƙone. Amma waɗannan na bincike ne a kan jama'a da yawa, ba sa gaya wa likita abin da ke damun mutum ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga su, haka sikila, ciwon suga, taba da hayaƙin icen girki. Gwajin MDA mai arha, na TBARS, har wasu sinadaran da ba MDA ba yake ƙirgawa, kuma jinin da ya daɗe a kan tebur da kansa yake ƙara adadin. Mai kuɗin gwaji ɗaya ya auna ƙarfen kansa, a ruwa da kuma a jini.

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha, a maikirogiram cikin kowace lita: dalma 10, asenik 10, kadmiyam 3, kuromiyam 50, zaiba 6, yuraniyam 30. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, NIS 554, ta yi daidai da ita a dalma, asenik da kadmiyam. A lura da ma'auni: miligiram 0.01 shi ne maikirogiram 10. Rikita waɗannan biyun yana sa a yi kuskure ninki dubu, kuma ana yi. Ita 10 ta dalma ba wai ƙasa da ita lafiya lau ba ne. Iyakar abin da ake iya aunawa da cimmawa ce, domin ba a san wani adadin dalma da ba ya cutarwa ba.

Ɗaukar samfuri shi ne inda yawancin sakamako ke lalacewa. A samo kwalbar roba mai kauri ta HDPE daga ɗakin gwajin, wadda aka jiƙa a asid ɗin naitirik aka ɗauraye da ruwan gwaji. Ba robar lemo ba. Idan famfo ne ko tuƙa-tuƙa, kwalba biyu za a cika. Ta farko lita ɗaya daga ruwan da ya fara fitowa da asuba, bayan ya kwana aƙalla awa 6 ba a taɓa ba. Ta biyu bayan an bar shi ya zuba kamar minti 5. Idan ta farko ta yi yawa ta biyu ta sauka, gubar daga bututu ko kan famfo take. Idan duka biyun sun yi yawa, daga ƙasa take. Wannan bambanci shi ke nuna ko gyara za a yi ko rufe rijiya.

A zuba asid ɗin naitirik mai tsafta, wajen mililita 2 a lita, har pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2. In ba haka ba ƙarfen zai manne a jikin kwalba sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Samfurin da aka sa wa asid yana kai wata 6, na zaiba kwana 28. Na kuromiyam mai caji shida ba a sa masa asid, domin asid na mayar da shi mai caji uku. A sanyaya shi a kai cikin awa 24. Kada a tace ruwan in ana son sanin abin da mutane ke sha, tun da su ma da laka suke shan sa. A haɗa da kwalba ɗaya ta ruwan gwaji zalla, a buɗe ta a wurin a rufe. In ita ma ta nuna dalma, to kayan aikin ne suka gurɓata.

Kafin a biya, a tambayi wace na'ura za a yi amfani da ita. AAS mai harshen wuta, wadda ta fi yawa a jami'o'i, idonta bai kai ƙasa sosai ba. Ga dalma sau da yawa ba ta ganin abin da ke kusa da 10. Sai ta rubuta "ba a samu ba" alhali ruwan ya haura iyaka. AAS mai murhun girafayit ko ICP-MS ake buƙata, kuma a nemi a rubuta iyakar ganin na'urar a jikin takardar. A maimaita gwajin rani da damina.

Likitar Yara ta rubuta:

Sannunku da aiki. Malam Duba-gari, kafin a ɗora wa rijiya laifi duka, a tuna abin da ya faru a Zamfara. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, kuma aƙalla yara 400 suka rasu. Babbar hanyar gubar ƙura ce. Duwatsun zinariya masu dalma ake kawowa cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, abinci da hannun yara. Kududdufan da ake wanke dutse da wasu rijiyoyi marasa murfi sun gurɓata, amma da ruwa kaɗai aka gyara da mutuwar ba ta tsaya ba. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Bagega sai 2013 aka yi mata. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Don haka duk inda za a gwada ruwa, a gwada ƙasa. A duba kwalli, wanda wani nau'insa dutsen dalma ne zalla, da tukwanen da ake narkawa daga tarkacen ƙarafa, da wuraren fasa batir.

Dalilin da ya sa yara suka fi shan wahala lissafi ne. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na dalmar da ya haɗiye, na babba wajen kashi 10. A ce ruwa na da maikirogiram 50 a lita. Yaro mai kilo 10 ya sha lita ɗaya, 25 sun shiga jininsa, wato 2.5 ga kowane kilo. Mahaifinsa mai kilo 60 ya sha lita 2, 10 ne suka shiga, ƙasa da 0.2 ga kowane kilo. Randa ɗaya suka sha, amma nauyin da ke kan yaron ya kusa ninki 15. Idan yaron na da ƙarancin ƙarfe a jini abin ya ƙaru, domin ƙofar da hanji ke buɗewa don neman ƙarfe ita dalma da kadmiyam ke bi. Cikin da babu abinci ma ya fi tsotsa.

Gwajin da ke da amfani shi ne dalma a jinin jijiya. Na yatsa yana da sauri, amma in ba a wanke hannun da sabulu sosai ba ƙurar fata za a auna, kuma na'urar hannu ta LeadCare II a 65 take tsayawa. Daga maikirogiram 5 a desilita Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nemo tushen gubar a raba yaron da shi. Hukumar CDC ta Amurka ta sauke nata ma'aunin zuwa 3.5 a 2021. Daga 45 ake maganar maganin da ke kamo dalma ya fitar ta fitsari. Yaron da ya zo da jijjiga, amai ko suma daga yankin haƙar ma'adinai, aka yi masa maganin zazzaɓi da sanƙarau bai farfaɗo ba, a tuna da dalma. Asenik a fitsari ake auna shi, bayan an kwana biyu zuwa uku ba a ci kifin teku ba, domin kifin na ɗauke da wani nau'in asenik marar illa da ke kumbura sakamako. Kadmiyam ma fitsari.

Maganin sha shi ne DMSA, miligiram 10 ga kowane kilo sau 3 a rana kwana 5, sannan sau 2 a rana kwana 14, a hannun likita. Ba a ba da shi yaro na komawa gidan da ke da ƙurar. Na allura shi ne EDTA mai kalsiyam. Akwai wani EDTA marar kalsiyam mai kama da shi a suna, wanda ke zuƙe kalsiyam ɗin jini har zuciya ta tsaya, kuma an rasa rayuka ta wannan kuskure. Allurar BAL, wani maganin kamo dalma, tana fasa jinin masu ƙarancin G6PD (inzayim mai kare jajayen ƙwayoyin jini), waɗanda suke da yawa a ƙasashenmu, sannan a man gyaɗa ake haɗa ta.

Ko wannan magani na gaske iyakarsa ceton rai. Wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2001, a kan yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44, ya nuna DMSA ya sauke adadin a jini amma bai dawo da kaifin ƙwaƙwalwa ba. To ina ga bitamin C da zogale? Yawancin hujjar da ake kawowa daga ɓeraye take, kuma abin da ta nuna shi ne MDA ya sauka. Dalmar na nan. Zogale abinci ne mai kyau, yana da ƙarfe da kalsiyam, kuma ta wannan fuskar yana ɗan rage abin da hanji ke tsotsa. A ci shi a matsayin abinci, tare da wake, gyaɗa, nono, ƙwai, nama da lemo. Amma zogalen da aka shuka a gurɓatacciyar ƙasa ko aka shanya ganyensa a tsakar gida mai ƙura shi ma hanyar guba ne. Ƙarin ƙarfe sai an tabbatar akwai ƙarancinsa, kuma a haɗa da kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A Bangaladash an gwada folik asid, maikirogiram 400 a rana mako 12, ga masu ƙarancinsa, ya taimaka wa hanta sarrafa asenik ya ɗan sauka a jini. Ɗan sauka na ce. Babu wanda ya ce a ci gaba da shan ruwan.

Injiniyan Ruwa ya rubuta:

Likita ta yi gaskiya kan ƙura. Ni zan tsaya a kan ruwa, kuma zan fara da abin da ba ya aiki.

Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ƙarfe ba ya tashi da tururi. Lita 10 da ta ƙone ta koma 8, dalmar da ke ciki ta ƙaru da kashi 25 cikin 100 a kowace lita. Kulorin ma ba ya cire ƙarfe. Alam da ƙwayar zogale laka suke kwantarwa, don haka suna tafiya da ƙarfen da ke manne da lakar, amma wanda ya narke a ruwa ba abin dogaro ba ne a kansa. Matatar kyandir da tace ruwa da ƙyalle haka. Ƙaramar na'urar TDS da masu tallar matata ke tsomawa a kofi gishirin ruwa take aunawa a miligiram. Iyakar dalma kashi ɗaya ce cikin ɗari na miligiram ɗaya, ba za ta taɓa ganin ta ba. Ruwa garau mai daɗin sha yana iya zama mai guba.

Sai a nemi tushen. Wani lokaci ƙasa ce. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse tun shekarun 1970 don tsere wa kwalara da gudawa, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago: a ƙarƙashin ƙasa inda babu oksijin tsatsar ƙarfen da ke riƙe da asenik tana narkewa ta sake shi. An tabbatar da matsalar a 1993, kuma a 2000 an ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari. Abin da ya fi taimakawa da farko mai sauƙi ne, aka gwada rijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, mai kyau a shafa mata koren fenti, mai guba ja. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya kan bambanta ƙwarai, shi ya sa ba a yanke hukunci da ta maƙwabci.

Wani lokaci kayan famfon ne. Birnin Filint na jihar Mishigan a Amurka ya koma shan ruwan kogi a Afrilun 2014 ba tare da zuba fosfet ɗin da ke hana ruwa cin bututu ba, sai ɓawon da ya rufe tsofaffin bututun dalma ya ɓare. Kusa da mu, wani bincike da aka fitar a 2021 a kan famfunan ƙauyuka 261 a Gana, Mali da Nijar ya samu kusan kashi 9 cikin 100 na samfuran sun haura iyakar dalma, kuma kayan tagulla da ke jikin famfunan aka fi zargi. Tsohuwar tagullar famfo tana iya ɗaukar dalma har kashi 8 cikin 100. Wadda ake kira marar dalma ba ta wuce 0.25. Bututun ƙarfe mai rufin zinki ma yakan saki dalma da kadmiyam. Ruwa mai tsami, pH ƙasa da 6.5, shi ya fi cin su. Gyaran: a canja kan famfo, bawul da silindar tuƙa-tuƙa zuwa ƙarfe marar tsatsa ko tagulla marar dalma. Kafin a samu hali, bokitin farko na safe a yi wanki da shi, kada a sha, kada a dama wa jariri koko ko madara.

Wani lokaci kuma daga sama gubar ke shiga. Rijiya a yankin haƙa tana son baki mai tsayi, daɓen siminti mai gangara waje, murfi, da guga ɗaya da ba a ajiye shi a ƙasa. Wurin niƙa da wanke dutse ya bar cikin gari gaba ɗaya, ya koma gangaren da ruwan sama ba zai kwaso shi zuwa rijiya ba. Zaiba kuwa, a Zamfara ko a wuraren galamse na Gana, wato haƙar zinariya ta bayan fage, hayaƙin ƙona ta wurin tace zinariya da kifin kogin da ta shiga sun fi ruwan shan haɗari.

Matatar da ke aiki ita ce RO, mai tura ruwa ta cikin fata mai matsi. Tana cire fiye da kashi 90 cikin 100 na dalma da kadmiyam in tana da lafiya. Tana son matsin ruwa wajen 3 a ma'aunin bar, ƙaramar ta gida tana zubar da lita 3 zuwa 4 kan kowace lita mai kyau, kuma kulorin yana cinye fatar, don haka gawayin da ke gabanta a canja shi duk wata 6, fatar kuma shekara 2 zuwa 3. Asenik mai caji uku yana ratsa ta sosai. Sai an fara sa kulorin ya mayar da shi mai caji biyar, gawayi ya cire kulorin ɗin, sannan fatar. A duba shaidar NSF/ANSI 58 a kan RO, ko 53 da ta ambaci dalma a kan matatar dunƙulen gawayi. Don asenik akwai matatar yashi mai ƙusoshi irin ta Kanchan ta Nefal, kilo 5 na ƙusa marar rufin zinki a saman yashi. Tsatsar ƙusar ke kama asenik, amma in fosfet ya yi yawa a ruwan ƙarfinta yana raguwa. Kowace aka sa, a gwada ruwan da ke fitowa, domin matatar da ta ƙoshi ba ta ba da sanarwa. Ruwan da RO ta zubar da lakar matata a kai su ramin da ke nesa da rijiya da lambu.

Duba-gari ya rubuta:

Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Na ji an ce bitamin C yana karya kuromiyam, to masu rijiyoyi kusa da masana'antun fata na Kano fa? Sannan Likita, mai ciki ko mai shayarwa da aka samu dalma a jininta, ta yaye yaron?

Malamin Kimiyyar Jiki ya rubuta:

Rabin maganar gaskiya ce. A wajen ƙwayar jiki, a kofi ko a cikin tumbi, bitamin C yana mayar da kuromiyam mai caji shida ya zama mai caji uku, wanda da ƙyar yake shiga ƙwaya. Amma mai caji shidan da ya riga ya shiga ta ƙofar salfet, bitamin C da gulutatayon na ciki su ke sauke shi mataki-mataki, kuma a wannan saukowa ne yake fitar da radikal ya manne wa DNA. Bitamin C mai yawa yana kuma mayar da ƙarfe yanayin da aikin Fenton ke so, allurarsa mai yawa tana fasa jinin mai ƙarancin G6PD. Jimar fata da mai caji uku ake yin ta, shi ne yawancin abin da ke ruwan masana'antun Chalawa, Sharaɗa da Bompai, sai dai manganis na cikin ƙasa ko kulorin na iya ɗaga shi zuwa shida. Don haka a nemi ɗakin gwaji ya auna jimillar kuromiyam da mai caji shida daban-daban, kafin sa kulorin da bayansa.

Likitar Yara ta rubuta:

Malam Duba-gari, kada a yi gaggawar yaye. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikin babba a ƙashi take, tana iya shekaru gommai a can, kuma lokacin ciki da shayarwa jiki na ɗebo kalsiyam daga ƙashi, dalmar ta biyo shi ko da matar ta daɗe da barin wurin. Mahaifa ba ta tare ta. Shi ya sa ake ba mai ciki ƙarin kalsiyam, a gyara mata ƙarancin ƙarfe, a maimaita gwaji. Abin da ke shiga nono kaɗan ne idan aka kwatanta da na jini. Shawarar CDC ita ce a ci gaba da shayarwa in dalmar uwa ba ta kai 40 ba, ana bin jinin jaririn. Daga 40 ta riƙa tatsewa tana zubarwa har adadin ya sauka. Madarar gwangwani da aka dama da ruwan rijiyar da ake zargi ta fi nonon haɗari, don haka in dole ta sa aka koma madara, da ruwan da aka gwada za a dama ta.